Hannunka Mai Sanda

Ranar Talata ruwa ya tsuge a bakin gaɓar Fife,
na shiga shagon Ishbel da jaka a kafaɗa,
sandunan ƙwallon lambu na Baba, goma sha ɗaya,
tsatsa ta ci wuyansu, fatar mariƙi ta sulɓe.
Na ce, sauya mini roba kawai,
ban zo don wani abu ba.

Shagon na warin danƙo da gogaggen ƙarfe.
Ta dube ni daga hula har takalmi
kamar telan da aka kawo wa rigar mamaci.
Ta ce, Torquil, miƙe, saki hannuwanka.
Ta ja awo daga wuyan hannuna zuwa daɓe,
ta rubuta a bayan wata tsohuwar ambulan,
ba ta ce uffan ba.

Ta manna farar takarda a gindin sanda,
ta ce, buga. Na buga cikin raga.
Dunduniya ce ta goge, hancin yana kallon sama.
Na'ura ta ƙirga gudun hannuna ta faɗa,
ba ta ji kunyar furfurata ba.

Ta ce, mai sandar nan dogo ne.
Na ce, Murdo Geddes, sai ya sunkuya a ƙofar coci.
Ta ce, to kai fa?
Zanen aro dai, na sani,
bai taɓa rufe katara ba.

Shekara hamsin da tara ƙwallona na kwana dama,
ta faɗa ƙaya, ta faɗa rairayi, ta faɗa teku.
Na zagi iskar arewa,
na zagi tarin Lachlan a bayana,
na sauya tabarau sau uku,
amma sandar Baba, ko a mafarki,
ban tuhume ta ba.

Na ɗauki alƙalami zan sa hannu a rasit.
Ta riƙe takardar. Ta ce, sake in gani.
Na sake.
Ta ce, ashe bahago ne kai.
Ban musa ba.

Ina ɗan shekara tara Baba ya kama kafaɗuna
ya juya ni kamar buhun dankali,
ya ce, a gidan nan jaka ɗaya ce, tsaya ta nan.
Ba mugunta ba ce.
Kifi ya yi ƙaranci a shekarar, kwalekwale na yoyo.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
amma wajen da aka tanƙwara ni
ba wajena ba.

Ta ɗauko mai lamba bakwai daga bayan ƙofa,
ta hagu, gajera, mara nauyi, mai lanƙwasa.
Na zagaya na tsaya a ɗaya gefen ƙwallo
kamar mai kwana a gadon baƙi.
Ta farko na dāki iska.
Ta biyu na tono tabarma.
Ta uku ta ce ƙwas,
tafin hannuna bai ji zafin da ya saba ba.

Kuɗin jaka guda ya kai na gyaran rufin ɗaki.
Na ce, ƙera mini uku:
ta bakwai, ta fita daga rairayi, ta zura rami.
Ta ƙara kaurin mariƙi don yatsuna masu sanyin ƙashi,
ta liƙa ɗan darma a kai, ta ce, Juma'a.
Na Baba na kai su gida na jingina bayan ƙofa,
ban sayar ba.

Asabar muka fita, Lachlan na dariya har da hawaye,
tsoho ya koma ɗan koyo.
Na kafa ƙafa, na shaƙi gishiri, na sauke hannu.
Ƙwallo ta tashi, ta yi sama, ta kwana hagu,
ta shige wata ƙayar da ban taɓa shiga ba.

Na bi ta ina fito, wando na tsiyaya.
Wannan kuskuren nawa ne,
ban gada ba.