Ɗinkin Dare

Shekara sha ɗaya basilla na cin yatsuna
a rumfar Kawu Mutari, bayan Kasuwar Dole.
Har yau in na shafa fuska
warin jima nake ji.

Kwamfutar tsohuwa ce, haruffa biyu sun faɗi,
jaka arba'in, rabi bashi.
In dare ya raba, Damagaram ta yi tsit,
sai ni da fanka da kurakuraina.
Aka ɗauke wuta, in hau dutsen Birni
neman rezo kamar mai duban wata.

Kwana uku shafi ya ƙi buɗewa.
Ashe waƙafi guda na manta.
Na yi dariya har Zuwaira ta farka:
wannan ai dukanci ne!
Abin da ka buɗe, ka rufe shi,
zare ɗaya ya kwance, jaka ta zube.

Kawu ya ce: "Wa ya taɓa cin tuwo da gilashi?"
Ban tanka ba.
Takalmansa na jera a shafin farko da na gina.
Ran Laraba wata mata daga Difa
ta nemi ƙafa shida, jajaye.

Ya daɗe yana kallon wayar.
Can ya ce: "Hoton nan ya karkace. Gyara."