Idan Na Kashe Inji

Shida saura kwata, Kinabatangan bai gama farkawa ba.
Ruwansa kalar shayin da aka cika wa madara,
tururi na tashi a kansa kamar an buɗe tukunya.
Baƙina takwas ne yau,
kowa da madubin hangen nesa a wuya kamar laya.

Na ce a yi shiru.
Kogin nan ba ya son surutu da sassafe,
haka kakata Sarinah take.

A kwana ta biyu na kashe inji.
Shiru ya shigo kwale-kwale, ya zauna tsakaninmu.
Can a ƙwanƙolin ɓaure ga biri mai hanci,
hancin ja, ya zubo har kan leɓe,
tumbi a gaba kamar wanda ya ci bashi bai da niyyar biya.
Wani ɗansa ya yi tsalle, reshe ya ƙi shi,
tinjim!
Kadan da ke kwance a laka ya buɗe ido ɗaya,
ya auna nisa, ya rufe.

Wata tsohuwa, Ragnhild, daga ƙasar ƙanƙara,
ta mance kyamararta a cinya.
Ita kaɗai ta ga cilakowa biyu sun ratsa sama,
fukafukansu na gurnani kamar zarto a ɗanyen icce.

Sai giwaye.
Ciyawa ce ta fara ba da labari,
sannan warin laka da kashi mai ɗumi.
Sha ɗaya na ƙirga,
gajeru, kunnuwa fato-fato, jela na share ƙasa.
Jinjirinsu bai iya hancinsa ba tukuna:
ya tsoma, ya zuƙa, ya yi atishawa.

"Mun taki sa'a!" in ji wani saurayi.
Na gyaɗa kai. Gyaɗa kai na cikin aikina.
Ban ce masa kurmin nan bango ne da babu ɗaki a bayansa ba.
Taku ɗari uku daga gaɓa ya ƙare,
sai kwakwar manja, sahu-sahu, har inda ido ya gaji,
sai waya mai lantarki.
Yayana Jamrin can yake sara tun yana da gashi,
da guminsa aka sayi injin nan.

A zamanin kakata sai ka shekara ba ka ga giwa ba,
sawunta kawai,
don tana da wurin zuwa.
Yanzu kowa ya taru a bakin ruwa
kamar waɗanda ambaliya ta kora kan tudu,
mu kuma mu zo da safe mu ɗauki hoto.

Uwar garken ta ɗago kai ta dube ni.
Mun san juna.
Bara ta cinye ayabar gidanmu ƙaf,
na kwana ina buga mata gwangwani ina zagi.
Bana ita ke biyan kuɗin makarantar Norlina.
Wa ke bin wani bashi?
Lissafin nan ya fi ƙarfin yatsuna.

Ragnhild ta taɓa kafaɗata: "Kar ka tayar tukuna."
Karin kumallo na jira a masauki,
ƙwai zai huce, mai masauki zai yi faɗa.

Na saki igiyar inji.
Ruwa ya ja mu da baya, sannu-sannu,
ciyawa ta rufe bayan na ƙarshensu,
muna jin karyewar kara,
muna ji,
har ta isa inda waya take, ta tsaya.