Haƙora Uku

Ran da Baba ya sayo shi a Esquel
kuɗin ulun shekara kaf na aljihunsa.
Mai shago, tsoho Ithel Pugh,
ya jingina masa biyu jikin kanta:
ɗaya mai ƙyallin fenti, sakayau, ga sauƙin kuɗi,
ɗaya ja, dogo har ƙirjin mutum,
zubin ƙarfe, nauyin ɗan rago.
Baba ya jinjina wannan, ya jinjina wancan,
ya bi ramukan sandar da yatsa
kamar mai duba bakin doki a kasuwa.
Ya ce, "Araha ba ta ado,
balle ta ɗaga mota."
Ya saɓi jan.

Kwana biyu Mama ba ta ce masa uffan ba.
Kuɗin sabon murhu ne ya tafi.

Shekara talatin da ɗaya jak ɗin nan
yana ɗaure a bayan a-kori-kura.
Ya tuge turakun shinge daga daskararriyar ƙasa,
ya fid da mu daga taɓon hanyar Tecka
lokacin narkewar ƙanƙara,
ya tallafi rufin garke daren da iska ta danne shi
tumaki ɗari biyu na kuka a ciki.

Duk Lahadi, in ƙoƙon mate ya gama zagaye,
sai a kawo kananzir a gwangwanin kifi
da tsohon buroshi.
Ya wanke yashi daga ƙusoshin nan biyu masu hawa,
ya ɗiga mai a sifirin, ɗis, ɗis.
Ban da giris, wai giris makwaɗaicin ƙura ne.
Sannan ya danna mariƙin, ya kasa kunne:
ƙas.
ƙas.
"In ba ki ji wannan ba, Sayén,
kada ki ba shi amanar ko buhun dusa."

Sau ɗaya ya yi sake.
La'asar sakaliya, iska na yankan kunne,
tunkiya na naƙuda a gida, hankalinsa na can.
Ya buge harshen saukewa,
ya sunkuya leƙen taya,
kansa tsakanin mariƙi da sanda.
Safar hannunsa jiƙe take.
Ban ga tashin ƙarfen ba,
ƙara na ji, irin ta busasshen reshe.

Haƙora uku na tsinta cikin tsakuwa.
Ina 'yar sha biyu.
Tun ranar, in ya kira sunana
sai da ɗan fito a farkonsa.

Bai zagi jak ɗin ba.
Da bakin ya sace, cewa ya yi,
"Shi aikinsa ya yi.
Ni na kai kaina gonarsa."

To, yau ga mu, Nehuén, ni da kai,
kakanka na kwance bayan tudu tun bara,
tayar baya ta nutse har gindi.
Dakata. Waigi tukuna,
dutse gaba, dutse baya.
Shimfiɗa katakon nan ƙarƙashin ƙafarsa,
ƙasa mai laushi ba ta cika alkawari.
Dube shi, ya miƙe? In ya karkata, sauke, sake.
Hannu biyu a mariƙi.
Kai gefe. Ƙara gefe. Na ce gefe!
In za ka huta, tsai da mariƙin jikin sanda ka ɗaure.
Kome ya gangara ƙarƙashin mota, bar shi can,
ko zoben aurena ne.
Saukewa ta fi ɗagawa cizo,
nan ne yake jiran mai gaggawa.

Me ke kacau-kacau a gwangwanin gaban mota?
Tun kana goye kake jin sa.
Danna tukuna. Ka ji ƙas ɗin?
Sake.
In taya ta taka ƙasa
zan buɗe maka.