Teku a Adakar Bappa

A ƙasan adakar Bappa Hammayo,
ƙarƙashin rasiɗan auduga da tsinkakken carbi,
na tarar da teku, an ninke shi gida huɗu.

Takardar ta yi ja kamar haƙoran mai goro.
Iliya mai firam na Sabon Layi
ya ɗaga ta a hasken ƙofa,
ya ce wannan ba aikin alƙalami ba ne,
da tsinke aka karce farantin tagulla,
layi bayan layi, yadda ake yi wa ƙwarya zane,
aka shafa tawada, aka danne.

Ga abin da mai tsinken ya ga damar gani:
jirage uku, kowace igiya ya ƙirga ta,
tuta ya ba ta iska,
bene ya ba shi taga goma sha biyu,
Bature mai malafa ya ba shi sanda
har da inuwar sandar.

Can ƙasa, a bakin ruwa,
mutane sun yi jere kamar tururuwa ta sami rumbu,
kowa da dila a ka.
Nan tsinken ya yi sauri.
Ɗigo ɗaya, kai.
Karce biyu, ƙafafu.

Shekara talatin Bappa na awon auduga a Bisije,
yana ɗora dila a tarago,
jirgi ya yi kuka ya nufi kudu, shi ya koma kan sikeli.
Ruwan da ya fi girma a idonsa na Dadin Kowa ne,
shi ma da furfura ya gan shi, daga bayan akori-kura.

Wa ya ba shi wannan?
Akawun da ya tattara ya tafi?
Ko kwandon shara?
Goggo Daso ba ta sani ba.
Ta dai ce yakan buɗe ta bayan la'asar,
ya ɗora yatsa wuri guda,
har shayinsa ya huce.

Na nemi wurin.
Takardar ta yi laushi a nan, ta sha maiƙo:
mutum na bakwai a jerin 'yan dako,
wanda dila ta rinjaya, ya ɗan karkata hagu.

Iliya ya ce katako da gilashi dubu huɗu,
tabon kuwa akwai dabarar goge shi.
Na ce ya bar tabon.
Na ninke tekun yadda na same shi,
na tari Keke Napep zuwa Bolari,
yana cikin jakata, tare da albasa.