Abin da Fulogi Ya Faɗa

A-kori-kurar Baba ce, Fijo haɗin Kakuri,
ta girme ni da shekara shida.
Ta ɗauko citta daga Kaciya, ta ɗauko bulo,
ta ɗauki gawar mai ita wata Laraba
ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.
Sai da mabuɗi ya dawo hannuna
ta koyi mutuwa a kan hanya.

Ba ta mutuwa in ana gudu.
Sai an tsaya: a Kawo, gaban ɗan sanda,
ko tsakiyar gada, kogi na kallona ta ƙasa.
Ta yi kakari, ta girgiza, ta yi tsit.
Masu keke su auna mini zagi su wuce,
ni da Barau yaron mota mu sa kafaɗa.

Fulogi ne, in ji na farko. Na sayi huɗu.
Kwana tara suka yi.
Waɗancan jabu ne, in ji na biyu. Na sake huɗu.
Na uku ya zargi dilko, ya canza kwayil,
ya tsine wa 'yan bumburutu da kalanzir ɗinsu,
ya tafi da kuɗin makarantar Uwani.
A gwangwanin madara na tara matattun,
sha biyu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A Panteka, bayan masu ƙera murhu,
akwai Cindo, mai ido ɗaya, marar gaggawa.
Bai taɓa motar ba. Ya ce, miƙo gwangwanin.
Ya jera su a kan kwali,
ya murza kan kowanne da babban yatsa,
ya shinshina.

Ya ce, da maiƙo na gani, da ringi ne ya ci,
baƙin mai na hawa inda ba a gayyace shi ba,
da na ce ka nemi mai sayen gonarku.
Da guda ne ya ɓaci, da na bi wayarsa.
Da fari ne fat, da na ce yunwa.
Wannan kunkunniya ce, busasshiya, kuma duk ɗakin huɗu.
Ƙoshi ke kashe motarka, yaro.
Wata uku kana dukan ɗan aike.

Ya sa tafi a bakin salansa, tafin ya dawo da gawayi.
Matatar iska lafiya lau. Cok yana komawa.
Ya kwance kafireta, ya zuba notuna a hularsa,
ya zaro wani ɗan tulu na tagulla,
bai kai ƙwan zabuwa ba.
Ya kaɗa shi a kunnena.
Cakal. Cakal.

Ya ce, aikinsa ke nan a duniya: ya yi iyo a kan fetur,
in kwano ya cika ya taso ya rufe ƙofa.
Ya huje, hujin da bai kai tsinin allura ba,
ya sha abin da aka ce ya yi iyo a kai.
Ya yi nauyi, ya nutse,
ƙofa ta kwana a buɗe.

Na yi shiru fiye da yadda zancen mota ke buƙata.
Cindo ya dube ni da idon nan guda,
bai ce komai ba.
Ya aiki Barau wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi,
ya tsoma tulun, kumfa ta tona hujin.
Ya tsiyaye shi, ya shanya a rana,
ya ɗiga masa dalma kamar ƙwayar gero.
Tsofaffin fulogin ya kankare huɗu ya mayar.
Da na tambayi kuɗi ya ce, biya mai shayi.

La'asar ta same mu a cinkoson Kawo.
Na ɗage ƙafa daga totur, ina jiran kakarin.
Inji na ta ƙus-ƙus, a hankali,
irin na Baba in yana lazimi.
Barau ya duba dutsen da yake riƙe da shi don tare taya,
ya dube ni,
ya ajiye shi ƙarƙashin kujera.
Bai yar ba tukuna.