Minti Uku na Farko

A Bilbis muka ɗauka, gidan Tsahara mai ƙosai,
kwana biyu cur saboda minti uku na farko.

Habsu mai ba da umarni ta ce wa Asumane:
“Sauko da kyamarar. Ƙara saukowa.
Tsaya daidai idon ɗan shekara biyar.”
Ya durƙusa har gwiwarsa ta sha ƙasa.
Daga can, randa ta koma tsauni,
manya ba su da fuska, sai ƙafafu da bakin zane,
kwanon tuwo yana saukowa daga sama
kamar wata ya gaji da tsayuwa.
Ba wanda ya ce labarin na yaro ne.
Gwiwar Asumane ce ta faɗa.

Agali kuwa, da sandarsa mai gashi a ka,
ya rufe ido yana farauta da kunne.
Ya kamo luguden maƙwabta,
ya kamo shayi yana faɗowa cikin kofi daga nesa,
ya kamo jaki bayan katanga, Habsu ta ce a bar shi.
Babur ya wuce, aka sake.
Ladan ya kira la'asar, aka jira.
Abin da yake nema dai ƙyauren zaure ne:
in ya yi ƙara, ludayin uwar ya tsaya cikin miya.
Ɗaya. Biyu.
Iska ce.
Ludayi ya ci gaba.
“Wannan shirun,” in ji Agali,
“ya fi duk ganguna tsada.”

Ni tawa sutura ce.
Sabuwar atamfa na wanke sau bakwai,
na shanya ta kan kwano har ta manta kasuwa.
Rigar lakwal ta yarinya na kwance mata lafi sau biyu,
na bar sawun tsohon ɗinki ya fito fili,
don mai ido ya gane:
yarinya na tsawo, kuɗi ba sa yi.

Saura riga ɗaya, wadda ba mai sa ta.
Ta maigida, da ya tafi bida Abijan,
za ta rataya a ƙusa bayan masu cin tuwo.
Na kawo uku daga ƴan gwanjo.
Habsu ta duba, ta girgiza kai:
“Waɗannan tsufa suka yi. Ba su yi jira ba.”

Da dare na koma Garkawa.
Inna na barci, ko ta yi kamar tana yi.
Na buɗe adaka, ƙarƙashin zannuwan suna,
shuɗiyar shaddar Baba na nan a ninke,
shekara goma sha ɗaya,
ninkin ya zama layi kamar kunyar gona,
warin kafur, da wani abu can ƙasa da kafur
da ban tsaya na shaƙa ba.

Da safe Habsu ba ta tambaye ni ba.
Ta dai ce wa Asumane:
“Kada ka tsaya kanta. Wuce ta,
yadda mutanen gida ke wuce ta.”

Ran da aka nuna a gidan matasa,
Inna ta zo da tabarmarta, ba ta son benci.
Fitila ta mutu. Lugude ya tashi cikin duhu
kafin hoto ya zo.
Ga randa, ga ƙafafu, ga kwano na saukowa.
Ƙyaure ya yi ƙara,
na ji numfashin da ke gefena ya tsaya tare da ludayi.
Sai bango. Sai shuɗi. Daƙiƙa huɗu.
Yara na ɓarar gyaɗa, wani na neman canji.

Ta matso, ba ta dube ni ba.
“Kin rataye ta ba daidai ba, Salamu.
Shi aljihu yake juya wa bango.”

Ko sunan fim ɗin bai fito ba tukuna.