Abin da Ɓarawo Ya Manta

Shekara goma sha ɗaya Kawu Asumane ya yi a Luwanda
yana saida caja da batir a kan shimfiɗar leda.
Ya komo Tawa da jaka guda
da tarin da ba ya jin magani.

Damina biyu bayan nan, ciwo ya zo da asuba,
ya ɗauke masa hannun dama, ya karkata baki,
ya shiga rumbun maganarsa ya kwashe Hausa kaf,
kamar ɓarawon da ya san gida.
Sunana ya tafi. Sunan buta ya tafi.
Ruwa ma, da haɓa yake nunawa.
Dami ɗaya ɓarawon ya manta a gindin rumbu:

Tem um café aqui perto?

Inna Habsu ta ce sambatu ne, ta hura turare.
Likita ya ce a yi haƙuri.
Ni kuwa na dunƙule kalmomin a baki
kada ɗaya ta faɗi a hanya,
na kai wa Rabe makaniki, wanda shi ma ya ci kasuwar can.
Ya yi dariya har sai da ya dafa taya.
"Zali, ai Fotugis ne.
Cewa yake, akwai wurin shan kahe nan kusa?
Ita muke fara koyo, tun kafin ƙirgen kuɗi.
Ba don kahen ba.
Baƙo ba ya tsaida mutum ya ce na ɓata,
ko ya ce yau kwana uku ba wanda ya kira sunana.
Kahe zai tambaya, a nuna masa kujera."

Da yatsa mai baƙin mai ya rubuta mini amsa a kwali.
Na kwana ina bita kamar hadda.

Gari ya waye, Kawu ya tambayi bango, yadda ya saba.
Na ce: Tem, kota. É já ali.
Akwai, dattijo. Ga shi can.
Rabin fuskar da ya rage masa
ya yi murmushin da ya ishi fuska biyu.

"Ga shi can" taku ɗari biyu ne.
Mu rabin awa yake ci mana.
Mu wuce motocin albasar Galmi,
ƴan kabu-kabu su kauce,
sandarsa tana gaba, ƙafar dama tana jayayya a baya,
har teburin Ɗan Lami, bakin tasha:
benci mai ƙafa uku da bulo,
Neskahe a kofin roba, madarar gwangwani,
buredin da aka lulluɓe don ƙuda.
Ba teku a nan, sai tabkin Babaye.
Kawu bai taɓa ƙorafi ba.
Yakan ce obrigado,
Ɗan Lami ya ce madalla,
kowa ya gane ɗan'uwansa.

Wata bakwai muna haka.
Ran Lahadi, ranar kasuwa, ya yi garajen kurɓa,
ya yamutsa fuska, ya dube ni,
ya ce, "Zafi."

Ɗan Lami ya tsaya da buta a sama.
Ruwa na ta zuba a ƙasa,
ba wanda ya ce masa ya lura.